TARKON MAFARKI: Labarin Wata Sana'ar Hannu ta Mutanen Ojibwe



Abin da zan yi magana a kansa yau ƙaramin abu ne, bai fi tafin hannu ba, amma labarinsa yana da tsawo. Wata 'yar ƙawanya ce ta itace, an yi saƙa a cikinta irin ta gizo-gizo, an kuma rataya gashin tsuntsu a ƙarƙashinta. Watakila waɗansunku sun taɓa ganinta a kantunan birni, ko tana reto a jikin madubin mota, ko kuwa yara sun nuna muku hotonta a waya. Turawa suna kiranta da wani suna mai ma'anar abin kama mafarki. Mu a nan za mu ce mata tarkon mafarki, gama haka masu ita su ke nufi da ɗaya daga cikin sunayen da su ke kiranta da su.

Dalilin kawo wannan zance gabanku shi ne, hakimi shi talakawa su kan kai wa tambaya idan sun ga baƙon abu. Wani zai ce laya ce, wani ya ce ado ne kawai, malamin makaranta kuma ya so ya koya wa yara yin ta a darasin aikin hannu. Ya kamata wanda za a tambaya ya san asalin abin, da yadda a ke yinsa, da abin da ya sami masu shi sa'ad da duniya ta karɓe shi daga hannunsu. A cikin wannan na ƙarshe akwai darasi domin masu sana'a na ƙasarmu.

SU WANE NE OJIBWE?

Sa'ad da Kolombas ya isa tsibiran Amurka a shekarar 1492, ya zaci ƙasar Indiya ya iso, saboda haka ya kira mutanen da ya tarar Indiyawa. Sunan ya bi su har yau, ko da ya ke ba su da dangantaka da mutanen Indiya. Kabilu ne masu yawa, ko wace da harshenta da al'adarta. Ojibwe suna cikin manyansu. A Amurka an fi saninsu da sunan Cipewa, su kuwa suna ce wa kansu Anishinabe.

Ƙasarsu tana kewayen manyan tafkuna biyar da ke kan iyakar Amurka da Kanada, musamman Tafkin Supiriya. Wannan tafki faɗinsa ya kai murabba'in mil 31,700, watau ya ɗara Jihar Neja girma, kuma duk duniya babu tafkin ruwan daɗi da ya kai shi faɗi. Ana samun Ojibwe a jihohin Minesota da Wiskonsin da Mishigan na Amurka, da lardunan Ontariyo da Manitoba na Kanada. Ƙasa ce ta kurmi da ruwa da sanyi mai tsanani. Kakanninsu masunta ne da mafarauta. Suna girbin wata irin shinkafa da ke fitowa da kanta a cikin tafki, suna tatsar ruwan wani itace su dafa ya zama sukari, suna kuma yin jiragen ruwa da ɓawon itace. Mutanen da suka saba da saƙa koma da ɗana tarko, ba abin mamaki ba ne su yi tunanin kama mugun abu da raga.

ASALIN ABIN

Matan Ojibwe ba su goyo da zane a baya kamar namu. Allo su ke yi wa jariri, su shimfiɗa masa laushi, su lulluɓe shi su ɗaure, uwa ta saɓa allon a baya ko ta jingine shi a gindin itace tana aikinta. A saman allon akwai wani itace da aka tanƙwara kamar baka, don ya tsare kan yaro in allon ya faɗi. A jikin wannan baka a kan rataya wa jariri 'yan kayan wasa da na tsari. Nan ne mazaunin tarkon mafarki na fari.

Wata baturiyar Amurka, Frances Densmore, wadda aka haifa a Minesota a 1867 ta rasu a 1957, ta yi shekaru tana zagaya garuruwan Ojibwe tana rubuta waƙoƙinsu da al'adunsu. A cikin littafinta mai suna Chippewa Customs, wanda aka buga a 1929, ta bayyana wannan abu. Ta ce faɗin ƙawanyar wajen inci uku da rabi ne, saƙar cikinta kuwa ta siririn zare ce wanda a kan rina ja, amma a zamanin da da zaren wata ciyawa mai ƙaiƙayi a ke yi, wadda a ke sarrafa ta kusan yadda mu ke sarrafa rama. Guda biyu a kan rataya. Abin da dattawan suka gaya mata shi ne, saƙar tana kama duk wata cuta da ke yawo cikin iska, kamar yadda saƙar gizo-gizo ke kama abin da ya faɗa cikinta.

Ku lura, ranku ya daɗe, a wannan tsohon bayani tsarin jariri daga cuta a ke magana, abin kuwa ɗan ƙarami ne, ba shi da tulin ado. Sunansa a harshensu asabikeshiinh, daga sunan gizo-gizo. Ɗaya sunan shi ne bawaajige nagwaagan, watau tarkon mafarki.

Suna da wata tatsuniya game da shi. Wai akwai wata Uwar Gizo mai kula da 'ya'yan kabilar duka. Da jama'a suka yi yawa suka bazu gabas da yamma, sai ta kasa kaiwa ga ko wane jariri, don haka iyaye mata da kakanni suka ɗauki saƙar suna yi a madadinta. Mugun mafarki wai ya kan maƙale a zaren, hasken safiya ya ƙone shi, kyakkyawa kuwa ya bi ta ramin tsakiya ya sauko wa mai barci. Maƙwabtansu Lakota sun juya zancen: a wurinsu saƙar mai kyau ta ke riƙewa, mugu shi ke zurarewa ta ramin. Mu da muka tashi da labarin Gizo da Ƙoƙi mun san gizo da wayo da ha'inci. Su kuwa waɗannan uwa mai tausayi suka mai da shi. Kowane tsuntsu kukan gidansu ya ke yi.

KAYAN AIKI

Mai son gwada wannan saƙa ba ya bukatar kaya masu tsada. Ga abin da zai tanada domin ƙawanya mai faɗin inci biyar.

Na ɗaya, ɗanyar tsumagiya mai tsawon ƙafa biyu, kaurinta kada ya wuce na alƙalami. Ojibwe suna yankan ta wani itace na bakin rafi mai laushin reshe, wanda Turawa ke kira wilo. Duk itacen da masu saƙar kwando ke tanƙwarawa, kamar geza, zai yi wannan aiki.

Na biyu, zare mai ƙarfi kamar yadi uku. Masu abin su kan yi da jijiyar dabbar dawa wadda aka busar aka tsattsaga. Masu koyo a yau su kan yi da zaren da aka goga wa kakin zuma, don kaki yana hana ƙulli zamewa.

Na uku, siririyar igiyar fata kamar yadi biyu, irin wadda dukawa ke yankawa, domin naɗe ƙawanyar. Wannan ƙari ne na baya, ana iya barinsa.

Na huɗu, dutsen ado guda mai huda, da gashin tsuntsu biyu ko uku, da wuƙa, da allura mai faɗin kafa.

YADDA A KE YI

Da fari a fere ganye da ƙananan rassa daga tsumagiyar. In ta fara bushewa a jiƙa ta cikin ruwa ta kwana. Sa'an nan a riƙa tanƙwara ta sannu-sannu da manyan yatsu, ana bi daga gindi zuwa kai, har bakin biyu su haɗu su zarce juna. Sauran jelar a murɗa ta a jikin ƙawanyar, a ɗaure mahaɗar tam. A danne ta da allo mai nauyi kwana biyu ko uku don ta bushe a miƙe. Wanda ya yi gaggawa a nan zai ji ƙas, ya koma neman wata tsumagiya.

In za a naɗe da fata, a fara daga mahaɗa, ko wane naɗi ya ɗan hau kan na bayansa don kada itace ya leƙo. In an kewayo, sauran fatar a yi hanci da ita wanda za a rataya abin.

Yanzu sai saƙa, ita ce zuciyar aikin. Kewayen ƙawanya mai faɗin inci biyar bai cika inci goma sha shida ba, saboda haka in aka raba shi takwas, ko wane rabo zai yi kusan inci biyu. A sa alama da gawayi a wuraren takwas. A ƙulla bakin zare a alama ta fari. A ja shi zuwa ta biyu, a ɗora shi bisa ƙawanyar, a zagayo da shi ta baya, a fito da shi ta cikin 'yar kafar da ta samu tsakanin zare da itace, a ja. Wannan zarge shi ne dukan asirin saƙar, babu wani ƙulli sai shi. A yi ta maimaita shi a ko wace alama har a kewayo. Amma tazarar ƙarshe a bar ta ta gaza sauran, kamar rabinsu, domin daga nan ne za a shiga zagaye na biyu ba tare da saƙar ta karkace ba.

A zagaye na biyu an gama da itace. Ko wane zarge a tsakiyar zaren zagaye na fari za a yi shi, watau tsakanin ƙulli da ƙulli. In an ja, zaren da ke miƙe sai ya lanƙwaso ciki, 'yan kusurwoyi su bayyana. Zagaye na uku a tsakiyar zaren na biyu, na huɗu a tsakiyar na uku, haka har ciki. Ko wane zagaye idanun ragar suna ƙara ƙanƙancewa, har yatsa ya kasa shiga, sai a koma ga allura. A zagaye na uku ko na huɗu a kan zura dutsen ado, a bar shi ya zauna a kan zaren, shi ne gizon a cikin saƙarsa.

Wurin da masu koyo su ke kuskure shi ne jan zare. In an ja da ƙarfi ƙwarai, ƙawanyar za ta lotse ta zama kamar ƙwai. In an yi sako-sako, ragar za ta yi lagwas ba fasali. Abin da a ke so shi ne hannu ya daidaita tun daga zargen fari har na ƙarshe, a kuma danne ko wane ƙulli da yatsa kafin a wuce gaba. Masu saƙar faifai da masu ɗinkin hula sun san wannan, ba sai an gaya musu ba.

Idan ramin tsakiya ya rage kamar kan ɗan yatsa, sai a tsaya, a yi ƙulli biyu, a yanke zare. Daga nan a ɗaura gashin tsuntsu a ƙasan ƙawanyar. Wanda hannunsa ya faɗa zai gama saƙar cikin sa'a guda.

Za ku ji ana cewa ƙulli takwas ƙafafun gizo ne, goma sha uku kuwa watannin shekara ne bisa lissafin tsayuwar wata. Irin waɗannan fassarori sun bambanta daga gari zuwa gari, da yawansu kuma a zamanin nan aka ƙaro su. Akwai dai wata magana tasu mai kyau: na jarirai ba a yi shi don ya daɗe ba. Itacen ya kan bushe, jijiyar ta ja shi har ya karye, kamar yadda ƙuruciya ke wucewa.

YADDA YA FITA DAGA GIDA

Mutanen nan sun sha wuya a kan al'adunsu. A 1883 Gwamnatin Amurka ta kafa dokoki masu hana 'yan asalin ƙasa bukukuwansu na gargajiya. Tun daga 1879, da aka buɗe makarantar Carlisle a jihar Fensilbaniya, aka yi ta raba yara da iyayensu ana kai su makarantun kwana, inda a ke aske musu gashi a kuma hana su magana da harshensu. Kanada ma ta yi haka, sai a 2008 Firayim Ministanta Stephen Harper ya nemi gafara a gaban majalisa. A Amurka sai a 1978 aka yi dokar da ta amince da 'yancinsu na bin addininsu.

Kafin wannan, a 1968, waɗansu samari, yawancinsu Ojibwe, suka kafa ƙungiyar neman hakkin 'yan asalin ƙasa a birnin Miniyafolis. A shekarun nan kabilu dabam-dabam suka shiga haɗuwa a tarurruka da bukukuwan rawa, suna aron al'adun juna. Ta haka tarkon mafarki ya bar allon goyon Ojibwe ya zama alamar zumunci a tsakanin kabilu masu yawa.

Daga wajen 1980 zuwa 1990 sai 'yan kasuwa suka gano shi. Masana'antu suka shiga yinsa da ƙarfe da roba da gashin kaza rinanne, yawanci a ƙasashen Asiya, ana jibge shi a kantunan 'yan yawon buɗe ido da arha ƙwarai. Tsohuwar da ta yanko tsumagiya ta sarrafa jijiya da hannunta ba ta iya sayarwa a wannan kuɗi. Mai saye kuwa yana tsammani aikin 'yan asali ya saya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

ABIN DA DOKA TA YI

Tun 1935 Amurka tana da hukumar kula da sana'o'in hannu na 'yan asalin ƙasa. A 1990 majalisarsu ta yi doka mai ƙarfi. Dokar ba ta hana kowa yin tarkon mafarki ba, ba ta kuma hana sayar da shi ba. Ƙarya ta hana: kada wani ya sayar da kaya yana nuna wai aikin 'yan asali ne ko na wata kabila, alhali wanda ya yi ba ɗan kabilar da hukuma ta sani ba ne, kabilar kuma ba ta shaide shi ba. Mutumin da aka kama karo na fari ana iya cinsa tara har dala 250,000, ko ɗaurin shekara biyar, ko duka biyu. Kamfani kuwa tararsa tana iya kai dala 1,000,000.

Gashin tsuntsu ma yana da tasa doka. Tun 1940 aka hana kashe mikiyar da ke kan tambarin Amurka ko mallakar gashinta. 'Yan kabilun da ke bukatarsa don ibadarsu su kan nemi izini, a aiko musu daga wata ma'ajiya ta Gwamnati a jihar Kolorado, inda a ke tara mikiyoyin da aka tsinta a mace. Mai koyo, ko a can ko a nan, gashin zabo ko na talo-talo ya ishe shi. Kada a kashe tsuntsun dawa saboda ado.

Su kansu 'yan asalin ba bakinsu ɗaya ba. Waɗansu suna ganin abin ya wulakanta, waɗansu kuwa da shi su ke ci da iyalinsu. Abin da yawancinsu ke roƙo shi ne a saya daga hannun masu shi, wanda ya kwaikwaya kuma ya faɗi gaskiya.

AMSAR DA ZA A BA MAI TAMBAYA

In an tambaye ku ko abin yana kama mafarki, amsa ita ce a'a. Mafarki a cikin ƙwaƙwalwar mai barci ya ke faruwa, ba daga taga ya ke shigowa ba. A 1953 waɗansu masana biyu a Jami'ar Shikago, Aserinsky da Kleitman, suka nuna cewa akwai lokatai cikin dare da idanun mai barci ke motsi da sauri a ƙarƙashin fatarsu, in kuwa aka tashe shi a sa'an nan galibi zai ce mafarki ya ke yi. Yaron da ke firgita cikin barci, sau da yawa zazzaɓi ne ko tsoro ke damunsa. In jikinsa da zafi, asibiti za a kai shi.

Ta wajen addini kuwa, malamanmu sun riga sun koya mana addu'o'in kwanciya da abin da mutum zai yi in ya ga mafarkin da ya ƙi, kuma tsari na Allah ne. Hukuncin rataya irin wannan abu nasu ne su faɗa, ba na Ofishin Labarai ba. Ni dai labarin wata al'umma na kawo, ban zo da shawarar kowa ya rataya shi don neman tsari ba. Inda malamin makaranta ya so yara su koyi zargen, su san ya halatta a wurin iyayensu, ya kuma gaya musu sunan masu abin. Zargen nan ɗaya yana da amfani wajen saƙa raga da ragaya. A kuma kiyaye, kada a bar zare da ƙananan duwatsu inda hannun jariri zai kai, don gudun shaƙewa.

NAMU DARASI

Ranku ya daɗe, abin da ya sami Ojibwe ya taɓa samunmu. Shekaru aru-aru fatake suna ɗaukar jar fatar akuya daga Sakkwato da Kano su ƙetare Sahara da ita. Da ta isa Turai ta hanyar tashoshin Arewacin Afirka, sai Turawa suka sa mata suna fatar Maroko, suna rufe littattafansu masu daraja da ita. Majemin da ya sha warin jima ba wanda ya san da shi. Yau kuma atamfa da shadda da hulunan inji suna shigowa da zanen da aka kwafa daga aikin hannun mutanenmu.

Saboda haka ina roƙon abu uku. Malaman gunduma su buɗe littafi su rubuta sana'o'in hannu na ƙasarsu, da ƙauyen da aka san ko wace da shi, da kayan aikinta, da sunayen zanenta, tun tsofaffin da suka sani suna da rai. Abin da muka sani na tsohon tarkon mafarki, ai don wata ta zauna ta rubuta ne a 1929. Hakimai kuma su ja hankalin sarakunan sana'a, su sa masu aiki su riƙa sa alamar garinsu a jikin kayansu. Sarakunan kasuwa kuwa su tsawata wa dillalin da ke sayar da na inji da sunan na hannu.

Wanda ya ke so a girmama sana'ar gidansu, shi ma ya girmama ta gidan wani. In yaranmu sun saƙa tarkon mafarki, su ce kwaikwayon aikin Ojibwe suka yi.